Gudu Ya Yi Daidai, To Matsin Fa? Sharhi Kan Yadda Ake Gwada Manhajojin Cika Harsashi

A Amurka da wasu ƙasashen Turai akwai maharba da 'yan wasan harbi da ba sa zubar da kwanson harsashi bayan sun harba. Sukan tattara shi su wanke, su matse shi ya koma girmansa na asali, su sa sabon abin kunna wuta a gindinsa, su auna albarushi su zuba, sannan su dasa sabon kan harsashi. Dokar ƙasashensu ta yarda da hakan, akwai kamfanonin da ke sayar da kayan aikin, akwai kuma littattafan da ke faɗa musu iyakar abin da za su zuba. A nan wajenmu ba sana'ar da doka ta sakar wa kowa ba ce, kuma ba koyar da ita zan yi ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda mutanen nan suke gwada hasashen kwamfuta da abin da suka auna, domin duk mai aiki da samfurin lissafi, ko a kimiyyar ƙasa yake ko a haɗa magunguna, zai ga fuskarsa a ciki.

Manhajoji biyu ne suka fi suna a wannan fage. Ta farko QuickLOAD, wadda wani Bajamushe mai suna Hartmut Broemel ya rubuta, kuma sayenta ake yi. Ta biyu Gordon's Reloading Tool, wadda ake taƙaitawa GRT, ita kyauta ce, kuma an yi amfani da awon da masu amfani da ita suka tura wajen gyara bayanan albarushinta. Aikinsu ɗaya ne: ka ba su nau'in harsashi, nauyin kansa, tsawon bututun bindiga, irin albarushi da yawansa, su kuma su zana maka abin da zai faru a cikin bututun, su ba ka lambobi biyu da kowa ya fi damuwa da su, wato gudun harsashi a bakin bindiga da ƙololuwar matsin iskar gas a ciki.

Daga nan sai mai gwaji ya fita fili da na'urar auna gudu, ya harba, ya dawo ya haɗa jadawali mai gida huɗu. Gida na farko yawan albarushi. Na biyu gudun da manhaja ta yi hasashe. Na uku gudun da aka auna. Na huɗu matsi. In ya ga gida na biyu da na uku sun yi kusa, sai ya yanke hukunci cewa manhajar ta yi daidai, don haka lambar da ke gida na huɗu ma abin dogaro ce, kuma tunda tana ƙasa da iyaka, ba matsala.

Wannan hukuncin ne nake ƙalubalanta. Gida na huɗu ba shi da abokin gwami. Ba wanda ya auna shi. Hasashe ne da aka zaunar a gefen awo har ya fara kama da awo.

Abin da gudu ke iya faɗa

Bari mu yi ɗan lissafi, ba mai wahala ba ne. Mu ɗauki harsashin .308 Winchester mai kai na giram 9.7, wanda ya fita daga bututu mai tsawon santimita 61 da gudun kusan mita 860 a sakan. Ƙarfin motsinsa shi ne rabin nauyi sau gudu sau gudu, wato kusan jul 3,600. Wannan ƙarfi daga turin iskar gas ya samo shi, a tsawon tafiyar da ya yi cikin bututun, kusan santimita 56. In ka raba, za ka ga matsakaicin turin ya kai wajen niyuton 6,400. Faɗin gindin harsashin kuwa bai wuce milimita murabba'i 47.5 ba. Raba turi da faɗi, sai ka samu matsakaicin matsi na kusan bar 1,350. Don a gane girman lambar, tayar ƙaramar mota bar biyu da ɗan wani abu take ɗauka.

To amma iyakar da hukumar C.I.P. ta Turai ta sa wa wannan harsashi bar 4,150 ce. Ka ga ke nan matsakaicin matsin da gudu ke ba mu labarinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙololuwar da ake tsoro. Dalili shi ne matsin ba a shimfiɗe yake ba. Yana tashi sama da sauri cikin 'yan santimitocin farko, tun harsashin bai yi nisa da kwanso ba, sannan ya yi ta sauka yayin da sararin da ke bayan harsashin ke ƙaruwa. Duk abin nan cikin kusan kashi ɗaya cikin dubu na sakan yake ƙarewa.

In ka zana matsi a tsaye, tafiyar harsashi a kwance, gudu yana ba ka faɗin filin da ke ƙarƙashin layin ne. Abin da ke fasa kwanso ko ya kumbura bututu kuwa tsayin tsaunin ne. Fili ɗaya yana iya zama ƙarƙashin tsauni mai tsini ko ƙarƙashin tudu mai faɗi. Direban da ya ci kilomita 200 cikin awa biyu, ka san matsakaicin gudunsa 100 ne, amma ba ka san ko ya taɓa taka 160 a wani wuri ba. Masu cika harsashi da kansu sun san wannan ta wata fuskar: albarushi mai saurin ci da mai jinkirin ci suna iya ba da gudu iri ɗaya, amma na farkon da ƙololuwar matsi mafi tsanani. Abin mamaki shi ne yadda ake manta da shi da zarar jadawali ya yi kyau.

Akwai kuma batun yadda kuskure ke girma. Tunda ƙarfin motsi da gudu sau gudu yake tafiya, kuskuren kashi 3 cikin 100 a gudu ya zama kusan kashi 6 a ƙarfi, haka ma a matsakaicin matsi. Kashi 3 na 860 mita 26 ne kacal a sakan, irin tazarar da mai jadawali zai kalla ya ce ai an yi kusa. Amma ko da siffar tsaunin ba ta canja ba ko kaɗan, hasashen bar 4,000 ya koma 4,240 ke nan. An tsallake iyaka, jadawalin kuma yana nan da kyaunsa.

Murɗa kunne har lamba ta zauna

Inda abin ya fi damuna shi ne matakin da ake kira gyara manhaja. Idan hasashe da awo suka saɓa, abin da aka saba yi shi ne a shiga cikin bayanan albarushin a taɓa wata lamba da QuickLOAD ke kira Ba, wadda ke wakiltar saurin cin albarushin. A ɗaga ta ko a sauke ta kaɗan-kaɗan har gudun hasashe ya zauna daram a kan wanda aka auna. Sannan a nuna wa duniya cewa ga shi, bambancin mita ɗaya ne ko biyu a sakan.

Ai dole ya zama haka, kai ka sa shi. Wannan saiti ne, ba tantancewa ba. Saiti shi ne ka yi amfani da awo ka daidaita samfurinka. Tantancewa ita ce ka sa samfurin ya faɗi abin da bai taɓa gani ba, sannan ka je ka duba. Wanda ya ba ɗalibi amsa, ya dawo ya yi masa tambayar, bai yi jarrabawa ba. (Na sha ganin irin wannan a kundin digiri da ba ruwansa da bindiga: a daidaita samfuri da wasu bayanai, a sake zana shi a kan bayanan nan dai, a rubuta cewa dacewarsa ta kai 0.99.)

Kuma Ba ba ita kaɗai ce kunnen da ake iya murɗawa ba. Akwai matsin farawa, wato matsin da ake buƙata kafin harsashi ya motsa ya kutsa cikin tsagogin bututu, wanda QuickLOAD ke sa wa bar 250 a matsayin zato na farko ga harsashin bindiga mai rigar jan ƙarfe. Wannan lamba takan canja sosai in harsashin na jan ƙarfe ne zalla, ko in an dasa shi har ya taɓa tsagogin. Akwai girman cikin kwanso, wanda ake aunawa ta hanyar cika kwanson da aka riga aka harba da ruwa a auna nauyin ruwan, kuma yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani saboda kaurin tagullar ba ɗaya ba ne. Akwai wata lamba kuma da ke ƙiyasta yawan albarushi da gas ɗin da ke bin harsashi a guje. Kowace daga cikinsu in ka taɓa ta gudu zai motsa. Kowace kuma tana motsa ƙololuwar matsi da nata gwargwadon.

Wato kana da abubuwa uku ko huɗu da ba ka sani ba, da awo guda ɗaya. Kamar a ce maka lambobi biyu in an haɗa sun ba da 10, a ce ka faɗi babbar cikinsu. Mutum biyu za su iya zama da bindiga ɗaya da awo ɗaya, wannan ya murɗa Ba, wancan ya murɗa matsin farawa, dukansu su dace da gudun, su tashi da matsi daban-daban. Ba yadda za a yi na'urar auna gudu ta raba musu gardama.

Ga kuma abubuwan da samfurin bai ma san da su ba. QuickLOAD ba ta da gurbin da za ka faɗa mata irin abin kunna wutar da ka sa, alhali sauya shi kaɗai yana iya motsa matsi fiye da yadda yake motsa gudu. Ba ta san zaizayar maƙogwaron bututunka ba. Ba ta san ko gwangwanin albarushin da ke hannunka ya sha danshi ko ya bushe ba, balle bambancin da ke tsakanin wannan zubin masana'anta da wancan.

Asalin bayanan ma yana da nasa iyakar. Saurin cin albarushi a ɗakin gwaji ake samo shi, ta hanyar ƙona shi cikin rufaffen tulun ƙarfe mai kauri ana bin yadda matsi ke tashi. Ƙa'idar da ake ɗora lissafin a kai tsohuwa ce, tana komawa ga Paul Vieille, Bafaranshen da ya samar da albarushi mara hayaƙi a 1884, wanda ya nuna cewa saurin ci yana ƙaruwa da ƙaruwar matsi. Ƙa'ida ce mai kyau. Sai dai tulun ba ya motsi, ba shi da harsashin da ke gudu yana buɗe sarari, ba shi da doguwar bangon bututu mai sanyi da ke shan zafi. A bindiga ta gaske kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na ƙarfin albarushi, ko ƙasa da haka, ke zama gudun harsashi. Sauran yana tafiya a zafi da gogayya da gas ɗin da ke fita. Ƙaramin kuskure wajen ƙiyasta wannan babban kaso da ya ɓace yana iya ɓuya cikin Ba ba tare da kowa ya lura ba.

Shi kansa awon ba annabi ba ne

Kada a ɗauka gida na uku ba shi da laifi. Auna gudun harsashi tsohon aiki ne, tun 1742 Benjamin Robins ya bayyana yadda ake yi da lilo mai nauyi da ake harba wa harsashi a ga iya nisan da ya yi. Yau akwai na'ura mai idanun haske biyu da ake ajiyewa 'yan mitoci gaban bindiga, wadda hasken rana da karkacewar ajiya ke iya ruɗawa, kuma abin da take ba ka gudu ne a inda take, ba a bakin bindiga ba. Akwai MagnetoSpeed da ake ɗaurawa a bututu. Akwai masu aiki da rada irin LabRadar da Garmin Xero C1 Pro da ta fito a 2023. Sun inganta ƙwarai, amma yawan harbi yana nan a matsayin matsala. A ce warwatsuwar gudunka mita 5 ce a sakan, ka yi harbi biyar. Lissafin ƙididdiga na aji ɗaya zai ce maka matsakaicin gaskiya yana iya kasancewa mita 6 sama ko ƙasa da abin da ka samu. To wanda ke murnar dacewar mita biyu daga harbi uku, da me yake murna?

Matsi kuwa ko ƙwararru ba su da lamba guda. Tsohuwar hanya ita ce a huda bututun gwaji a sa ɗan guntun jan ƙarfe, matsi ya danne shi, a auna iya gajartar da ya yi. Sakamakon shi ake kira CUP. Sabuwar hanya tana amfani da dutsen kwaz, wanda ke fitar da cajin lantarki in an matse shi, abin da 'yan'uwan nan Pierre da Jacques Curie suka gano a 1880. Lambobin hanyoyin biyu ba sa fassaruwa kai tsaye. A ma'aunin SAAMI, ƙungiyar masana'antun makamai da harsasai ta Amurka da aka kafa a 1926, iyakar .308 Winchester ita ce CUP 52,000 ko psi 62,000. Amma ta .45-70 ita ce 28,000 a dukkan ma'aunan biyu. Babu lamba ɗaya da za ka ninka ta ba ka duka biyun.

Ko a sabuwar hanyar ma SAAMI da C.I.P. sun rabu. SAAMI tana ɗora na'urar a jikin kwanso daga waje, sai tagullar ta buɗe ta danna ta. C.I.P. tana huda kwanson ne gas ya taɓa na'urar kai tsaye. Iyakar .223 Remington a wajen SAAMI psi 55,000 ce, a wajen C.I.P. kuwa bar 4,300, wato sama da psi 62,000. Harsashi ɗaya ne fa. Saboda haka duk wanda ya ce manhaja ta ba shi psi kaza, tambayar farko ita ce: a ma'aunin wa, a wane wuri cikin kwanson? Jadawalin da nake magana a kai ba kasafai yake amsa wannan ba.

Wasu masu himma sukan manna ɗan ma'aunin miƙewar ƙarfe a bayan bututu, daidai kan ɗakin harsashi, irin na PressureTrace ko Oehler 43. Wannan ci gaba ne na gaske, domin yana nuna siffar tsaunin, ba faɗin fili kaɗai ba. Sai dai abin da yake aunawa kumburin ƙarfe ne, sai an bi ta kaurin bututu da halin ƙarfen kafin a mayar da shi matsi, kuma yana buƙatar harsashin da aka san matsinsa don a saita shi. Ya fi ƙarfi wajen cewa wannan ya fi wancan da kashi kaza. Abin da ba ya halatta shi ne a saita shi da lambar QuickLOAD, a juyo a ce ya tabbatar da QuickLOAD. Ana yin hakan, kuma maciji ne ya haɗiye wutsiyarsa.

Su kuma alamomin da ake dubawa a kwanso, irin baje war abin kunna wuta, tabon da ke fita a gindin tagulla, ko makullin bindiga ya yi tauri wajen buɗewa, sau da yawa ba sa bayyana sai an riga an wuce iyaka. Rashin ganinsu ba shaida ba ce. Bindigogin da ke ƙarƙashin C.I.P. ana gwada su da harsashi mai matsin da ya ɗara iyaka da aƙalla kashi 25 cikin 100 kafin a sayar, shi ya sa mutum zai iya daɗewa yana harba abin da ya wuce ƙa'ida bai ga komai ba. Ƙarfen yana gajiya a hankali, kuma fuskar mai harbi ba ta fi tafin hannu nisa da wurin ba.

Inda manhajar ta cancanci yabo

Duk wannan ba yana nufin manhajojin banza ba ne. Masu rubuta su ma sun yi gargaɗi ƙarara cewa ba sa maye gurbin bayanan da aka gwada a bututun awo. A wajen tambayoyin kwatance suna da amfani sosai: in na rage tsawon bututu me zai faru da gudu, wane albarushi ne zai ƙone duka kafin harsashi ya fita, me ya sa tura kan harsashi ciki a ƙaramin kwanson bindigar hannu ke ɗaga matsi da sauri haka. A matsayin kayan koyarwa kuwa, ban san abin da ya fi su nuna wa ɗalibi yadda ƙonuwa da faɗaɗar gas da motsi ke cuɗanya ba.

Shi ma gudun yana da abin faɗa game da matsi, amma ta gefe ɗaya. In kana amfani da albarushi da harsashi da tsawon bututu irin na littafi, sai ka ga gudunka ya zarce mafi girman gudun da littafin ya samu, to kusan tabbas matsinka ma ya zarce nasu, ko kwanso ya nuna alama ko bai nuna ba. Ƙarin ƙarfin daga wani wuri ya fito, kuma turi ɗaya ne ke cikin bututun. Gudu yana iya ƙaryata zaton cewa kana cikin aminci. Tabbatar da shi ne ba ya iyawa. Waɗanda suka fahimci wannan bambanci sukan ɗauki na'urar auna gudu a matsayin ƙararrawar gargaɗi, su ɗauki littafin da aka gwada a matsayin iyaka, su fara daga ƙasa kamar yadda littattafan ke cewa.

Kwatancen da zan yarda da shi ba shi da wuyar tsarawa. A auna girman cikin kwanso da ruwa a rubuta. A rubuta zafin ranar, da zubin albarushin, da irin na'urar da nisanta daga bakin bindiga. A saita manhajar a kan mataki guda ɗaya na albarushi, a faɗi kunnen da aka murɗa da dalilin zaɓensa, sannan a kulle. A rubuta hasashen sauran matakan kafin a harba su, ba bayan an gani ba. A yi harbi goma a kowane mataki, kamar yadda SAAMI ke yi wajen fitar da matsakaicinta, a nuna warwatsuwar. In tazarar hasashe da awo tana buɗewa yayin da albarushi ke ƙaruwa, wannan ne sakamako mafi muhimmanci a jadawalin, domin yana nuna samfurin yana kuskure daidai wurin da ake kusantar iyaka. Sannan a sake saitin ta wani kunnen daban, a nuna yadda matsin hasashe ya motsa tsakanin saitin biyu. Wannan tazarar ita ya kamata a rubuta a gida na huɗu, daga kaza zuwa kaza, da kalmar "hasashe" a samansa.